Laftof ɗin da ta ɗauke bayan sabunta BIOS

Yarona, jiya muna rufe shago ka tambaye ni game da laftof ɗin da malamar nan ta kawo daga Gwarimpa, wadda ta ce kwamfutar ce ta nemi a sabunta mata BIOS, ta amince, aikin bai kai ƙarshe ba sai ta ɗauke, kuma tun daga lokacin fanka tana juyawa, fitila tana kamawa, amma fuskar baƙa ƙirin. Ka ce ko ka ɗauko furogirama, wato na'urar da ake karanta cif da rubuta masa da ita, ka zuba mata fayil daga intanet. Na ce ka dakata, ga kuma dalilina a rubuce domin ka riƙa komawa kansa.

BIOS, ko UEFI kamar yadda ake kiran na zamani, manhaja ce da ke zaune a cikin wani ɗan ƙaramin cif mai ƙafa 8 a kan bod, kuma ita ce ke tayar da furosesa da ram da fuska kafin Windows ta san an kunna kwamfutar. A lokacin sabuntawa ana goge wani sashe na cif ɗin ne a rubuta sabo, saboda haka idan wuta ta yanke a tsakani, ko aka zuba fayil ɗin wani samfurin daban, sai kwamfutar ta farka ta rasa umarnin farko. Takardun malamar da hotunanta ba a can suke ba, suna kan haddis ko SSD, kuma galibi babu abin da ya taɓa su. Ka fara gaya mata wannan, domin yawancin masu kawo irin wannan aiki tsoron rasa takardunsu ne ya fi damunsu, ba kuɗin gyara ba.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ka sa mata cajarta ta asali, ka kunna, ka ba ta minti 10 zuwa 15, saboda wasu kwamfutocin suna kashe kansu suna tashi sau da yawa da baƙar fuska bayan sabuntawa, kuma mai gaggawa ne yake katse su ya lalata abin da bai lalace ba. Ka haɗa ta da wata fuskar ta HDMI. Idan shiru, ka cire caja da batir da ɗan batirin CMOS da ke kan bod mai riƙe saitin BIOS, wanda yawanci CR2032 ne mai bolt 3, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar. Ka cire ram ka kunna ka gani: idan ta yi ƙara ko fitilar Caps Lock ta riƙa ƙiftawa, to wani sashe na BIOS yana da rai, kuma wannan albishir ne.

Daga nan sai hanyar ceto da kamfanonin suka tanada, wadda na lura matasa suna tsallakewa saboda ɗokin kama furogirama. A yawancin laftof na HP, kana danne maɓallin Windows da B tare, ka danna na kunnawa daƙiƙa 2 ko 3, ka sake shi amma ka ci gaba da riƙe waɗancan biyun har shafin gyara ya fito. A na Dell kuwa, kana cire caja, ka danne Ctrl da Esc, ka mayar da cajar kana riƙe da su. Idan kwafin da ke cikin kwamfutar bai samu ba, sai ka sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin da wata kwamfutar, ka sa a filas da aka tsara da FAT32, kuma na Dell sai ka sauya masa suna zuwa BIOS_IMG.rcv. Ka duba lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin harafi bayan harafi, domin kwamfutoci biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye alhali bod ɗinsu ya bambanta. Kuma duk wannan a kan inbata za ka yi shi, ba a kan wutar da ba ka san lokacin da za a ɗauke ta ba.

Sai idan duk waɗannan sun gaza ne za ka buɗe ta ka nemi cif ɗin, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai. Ka karanta rubutun da ke bayansa da madubin ƙara girma: 25Q64 yana ɗaukar megabait 8, 25Q128 kuma 16. A na Winbond, wanda FV ko JV ya biyo bayan wannan lambar yana aiki da bolt 3.3, mai FW ko JW kuwa bolt 1.8 ne, kuma idan ka ɗora masa furogiramar CH341A ɗin da muke saye a nan Banex ba tare da adaftar rage wuta ba, kana iya ƙona shi. Ka cire batir da caja, ka daidaita jar wayar kilif, wato matsefin furogirama da ke kama ƙafafun cif, da ɗigon da ke nuna ƙafa ta 1, sannan ka karanta abin da ke ciki ka ajiye. Ka sake karantawa karo na biyu ka gwada fayil ɗin biyu. Idan ba su zo daidai ba, ko ka ga FF ne daga sama har ƙasa, alamar babu abin da aka karanto, kilif ɗin ne bai kama ba, sai ka gyara shi ko ka ɗaga cif ɗin da bulowa.

Kana iya cewa me za a yi da kwafin abin da ya riga ya lalace. A cikinsa ne lambar siriyal ta wannan kwamfutar take, da makullin Windows da kamfani ya dasa mata, a wasu kuma har da adireshin katin sadarwarta, kuma babu fayil ɗin intanet da zai dawo maka da su. A farkon shigata wannan sana'a na goge cif ɗin wani bawan Allah kafin in kwafa, na zuba na wata kwamfutar, ta tashi lafiya, amma da siriyal ɗin wani da Windows mai neman makulli, kuma har yau ina jin kunyar tsayuwar da na yi a gabansa ina bayani. Ka sani kuma fayil ɗin da kamfani ke bayarwa sau da yawa ba cikakken hoton cif ba ne, sashen BIOS kaɗai ne a naɗe, sai an ciro shi an dasa a cikin kwafinka na asali. Idan dole ta sa ka yi amfani da na wata kwamfutar mai furosesar Intel, a tsabtace sashen ME, wato ɓangaren cif ɗin da ke ɗauke da manhajar kula ta Intel, tukuna, in ba haka ba kana iya ganin tana jinkirin nuna hoto ko tana kashe kanta bayan minti 30. Wannan haɗin tare za mu yi shi har sai hannunka ya faɗa.

Ko ta tashi, aikin bai ƙare ba. Idan Windows ta ƙi shiga, kada ka yi saurin zuba sabuwa, ka duba ko saitin haddis ya sauya tsakanin AHCI da RAID. Idan kuma shuɗin shafin BitLocker, manhajar Windows mai kulle haddis, ya fito yana neman lambobi 48, ba lalacewa ba ce, na'urar tsaro ta TPM ce ta ga an taɓa BIOS ta riƙe makullin. Lambobin yawanci suna cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a hannun masu kula da kwamfutocin ofishinsu, kuma ba ni da wata dabarar buɗe ta idan babu su.

Saboda haka gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka fara kiran malamar ka tambaye ta ko laftof ɗin tata ce ko ta ofis, ko tana iya shiga asusunta ta waya, kuma ko ta amince a buɗe bod idan ta kama. Ka rubuta lambar samfurin a littafin shago, ka gwada matakan farko, amma kada ka ɗora kilif sai na iso.