Farkawar zuciya da shagon Kasuwar Wunti

Ɗan'uwa, ka tambaya ko koyarwar nan ta farkawar zuciya da rayuwa mai sauƙi da kake kallo a YouTube tana nufin ka rufe shagonka na Wunti. A'a, kada ka rufe. Kwaɗayi ake ragewa, sana'a kuwa ita ke rufa maka asiri da iyalinka.

Nan Bauchi na gwada da kaina: na daina taɓa waya daga Asuba har hantsi, na rabar da rigunan da ba na sawa. Wallahi natsuwa ta samu, irin wadda malamanmu ke kira zuhudu da wadatar zuci. Amma duk mai koyarwar da ya ce farkawa ta ɗauke maka salla ko ciyar da gida, ka rabu da shi nan take.