Yadda Ake Karɓar Tsofaffin Hotunan Wasanni Domin Baje Koli

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi da tsofaffin hotunan wasanni da jama'a suka fara kawowa tun da gidan tarihi ya yi shelar baje koli, kuma ka ce kana so mu riƙe na asalin domin su ne za su fi ɗaukar hankalin masu kallo. Batun riƙewa zan zo kansa, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa, wato bayanin da ke bakin wanda ya kawo hoton.

Kada ka bari ya tashi daga gabanka sai ka rubuta su wane ne a cikin hoton, layi bayan layi daga hagu zuwa dama, da filin da aka ɗauke shi, da shekara, da gasar da aka buga, da sunan wanda ya ɗauka. Hoto yana iya jiranka shekara 10 a cikin akwati, amma dattijon da ya san sunan mai tsaron ragar nan da ke tsugune a gaba ba lallai ne ka sake samunsa ba. Idan ya ce yana zaton shekara kaza ce, ka rubuta cewa zato ne, domin zaton da aka liƙa a bangon gidan tarihi gobe hujja zai zama a hannun masu bincike. Daga nan sai ka gwada maganarsa da abin da ido ke gani: hatimin mai ɗaukar hoto a baya, rubutun da ke jikin kofi, tsofaffin jaridu, har da kayan da 'yan wasan suka sa. A gasar lig ta Ingila, alal misali, sai a 1939 aka wajabta lamba a bayan riga, kuma kowace ƙasa da nata lokacin. Haka nan takardar hoto mai santsi kamar leda a baya ba ta yaɗu ba sai ƙarshen shekarun 1960, saboda haka idan aka ce maka irin wannan na 1950 ne, to daga baya aka sake wanko shi.

Za ka lura mafi yawan abin da ake kawowa hoton ƙungiya ne a jere da kofi a tsakiya. Dalili shi ne kyamarorin farko ba sa kama mutum yana gudu, kuma ƙananan da ake iya zagaya fili da su sun yaɗu ne bayan fitowar ƙaramar kyamarar Leica a 1925. Don haka kai za ka nemi sauran da bakinka: 'yan kallo, alƙalin wasa, mata da yara, masu tsere da masu kokawa, da ƙungiyoyin da suka sha kashi. A ganina baje kolin da babu kowa cikinsa sai zakaru bai ba da labarin wasan ba.

Na asali kuwa aro za mu karɓa, da takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu da ranar mayarwa, sai fa wanda mai shi ya ba da kyauta a rubuce. Haske yana cin hoto, musamman mai launi, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa; shi ya sa ma'aikatan adana kayan tarihi ba sa son hasken da ke kan irin waɗannan ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske. Ka kwafe shi da na'urar sikanin, gaba da baya, a ɗigo 600 cikin kowane inci, ka ajiye a tsarin fayil ɗin hoto na TIFF a wurare biyu daban, sannan mu buga kwafi mu rataye. Ka riƙe na asalin ta gefe da safar hannu, ka sa lambar rajista a baya da fensir mai laushi, ban da biro, ban da gam ko salatif. Wanda ya manne a gilashi ko a albam kada ka ɓamɓare shi.

Idan an kawo negatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ka kira ni. Fim ɗin naitiret, wanda aka yi amfani da shi har wajen 1950, yana kama wuta cikin sauƙi. Na asetet kuma idan ya fara warin tsami ya soma ruɓewa, sai a ware shi a wuri mai sanyi marar danshi.

Saura haƙƙin mallaka. Wanda hoto ke hannunsa ba lallai ne shi ke da ikon yaɗa shi ba, domin yawanci ikon na wanda ya ɗauka ne ko magadansa, ko jaridar da ta sa shi aikin. Yarjejeniyar Bern ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta sa kariyar aƙalla shekara 25 ga hotuna, ƙasashe da dama kuma sun kai shi shekara 70 bayan rasuwar mai ɗaukar. Ka duba dokar ƙasa, ka nemi izini a rubuce, kuma ka sa sunan mai ɗaukar a ƙarƙashin kowane hoto da muka rataye.