Zan iya koyon hifnosis ta hanyar kallon bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Tudun Wada. Wata shida ke nan ina kallon bidiyon likitocin Turai a YouTube suna yi wa marasa lafiya hifnosis, su sa mutum ya nutsu kamar mai gyangyaɗi, su yi ta yi masa magana har ciwo ya lafa. Na haddace kalmominsu, har na gwada wa ƙanwata da ke fama da ciwon kai, ta ce ta ji sauƙi. Mahaifiyarmu ta ce rufa-ido ne, in daina. Kallon nan zai ishe ni in fara yi wa marasa lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kallon ba zai ishe ki ba, amma ba zan ce ki daina shi ba, domin ni ma ta nan na shiga, zamanin da muke karɓar aron faifan bidiyo a wajen malaminmu.

Mu fara da Mama, tsoronta yana da tushe. Abin ya fito ne daga hannun wani likita, Franz Mesmer, wanda ya ce akwai wani ƙarfin maganaɗisu da ke kwarara daga jikinsa zuwa na marar lafiya. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike, har da masanin kimiyyar nan ɗan Amurka Benjamin Franklin a ciki, suka tarar babu wani maganaɗisu, abin da mutum ya sa a ransa ne ke aiki. Daga baya James Braid, likitan fiɗa a Manchester, ya nuna cewa tattara hankali wuri ɗaya ne sirrin, ya rubuta littafi a kai a 1843. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a 1955, ta Amurka a 1958. Ki gaya wa Mama ba a kiran aljani, ba a ƙona turare, ba a karanta wani surkulle. Mutum ba barci yake ba, yana jin komai, kuma idan ya ga dama zai buɗe ido ya miƙe.

Yanzu ga matsalar bidiyo. Minti 20 da kike gani, ƙarshen aiki ne. Ba a nuna miki zaman da aka yi kafin nan ana tambayar tarihin mutum, magungunan da yake sha, abin da ya taɓa faruwa da shi, da waɗanda likitan ya duba ya ce wannan hanyar ba tasu ba ce. Sannan wanda aka ɗora a gaban kyamara sau da yawa zaɓaɓɓe ne. Tun 1959 masu bincike a jami'ar Stanford suka fito da ma'aunin gwada yadda mutane ke karɓar hifnosis, kuma waɗanda ke shiga da zurfi cikin sauƙi ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Idan kin gwada wa mutum biyar ba ki ga abin da kika gani a waya ba, ba lallai kuskurenki ba ne.

Kin ce kin haddace kalmominsu. Nan ne na fi so mu tsaya. A farkon aikina an turo mini wata baiwar Allah daga Rigasa da ba ta iya barci. Na ɗauko abin da na haddace, na ce ta rufe ido ta ga kanta a bakin ruwa, iska na kaɗawa. Numfashinta ya canza, yatsunta suka damƙe gefen hijabinta, ni kuwa hankalina yana kan jimla ta gaba. Sai ta fashe da kuka. Ashe ɗanta a Kogin Kaduna ya rasu, wata damina da ya je wanka da abokansa. Ban tambaye ta ba. Har yau idan na bi ta kan gadar nan sai na tuna da ita. Likitan da na kwaikwaya ya san wanda ke gabansa kafin ya ambaci ruwa, ni kuwa kalmomin kawai na ɗauko.

Saboda haka ki sauya yadda kike kallo. Ki kashe sauti, ki zuba wa marar lafiyar ido: ƙiftawar ido, haɗiyar yawu, saukar kafaɗa, lokacin da numfashi ya yi tsawo. Sai ki maimaita da sauti, za ki ga ƙwararren likita yana jiran waɗannan alamu kafin ya furta kalma ta gaba, yana ɗora maganarsa a kan fitar numfashin mutum. Milton Erickson, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi suna a hifnosis, shan inna ta kwantar da shi yana ɗan shekara 17, ya daɗe a kwance ba abin da yake iya yi sai lura da mutanen gidansu, har da yadda ƙaramar ƙanwarsa ke koyon tafiya. Wannan idon ne jarinsa. Masu kwaikwayon muryarsa da tsawon shirunsa suna da yawa, amma idon ba ya shiga faifai.

Kuma kada ki fassara wa marasa lafiyarki kalmomin likitocin bidiyon kai tsaye. Dattijuwar da ba ta taɓa ganin teku ba, me za ta yi da yashin bakin teku? Ki tambaye ta inda ranta ke kwanciya. Wata za ta ce inuwar darbejiya a tsakar gida bayan la'asar, wata ƙamshin ƙasa a ruwan farko.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne rage zafin ciwo, fargabar allura ko tiyata, da ciwon hanjin nan da ake kira IBS. Wani likita a Ingila, Peter Whorwell, ya wallafa gwajin hifnosis da ya yi a kan IBS a 1984, kuma hukumar NICE ta Ingila, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, a 2008 ta ce ana iya gwada hifnosis ga wanda ya shekara yana shan magani bai samu sauƙi ba. Amma mai jin muryoyi ko ganin abin da babu, da wanda rikici ko garkuwa da mutane ta bar wa tabo a zuciya, kada ki kusance su da wannan. Irinsu suna da yawa a garin nan, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ne wurinsu. Kada kuma ki yi amfani da shi don tono abin da wai mutum ya manta, domin yana iya sa shi ya rantse a kan abin da bai taɓa faruwa ba.

Ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ya yarda ya zauna yana kallonki kina yi, yana tsayar da ke yana gyara miki, kamar yadda aka tsaya a kanki ranar da kika fara sa wa mutum ruwa a jijiya. Ƙanwarki kuma, kafin ki sake zama da ita, ki auna mata hawan jini, ki kai ta a duba idonta, likita ya faɗi abin da ke kawo ciwon kan.