Tambaya da Amsa: Za mu ƙara mai tayar da matattu a wasanmu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muka haɗu muna ƙera wani ɗan wasan intanet irin na duniyar almara, wanda kowa ke zaɓar jarumi ya riƙa ɗaga shi mataki-mataki. Aji huɗu gare mu yanzu: mayaƙi, maharbi, matsafi da mai warkarwa. Masu gwada mana wasan sun matsa lamba sai mun ƙara nekromansa, wato mai tayar da matattu. Mai zanenmu har ya gama zana ƙwarangwal iri uku. A ganina aikin mako biyu ne: mu ɗauko matsafi, mu sa masa baƙaƙen kaya, mu ba shi ƙwarangwal goma su riƙa binsa. Abokina ya ce na raina aikin. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, ɗan'uwa, kuma ka riƙe shi hannu bibbiyu. Abin da ka siffanta matsafi ne da ya sake riga. 'Yan wasa za su yi murna kwana uku, a rana ta huɗu su gane an yi ba a yi ba.

Ka ce wa mai zane ya ɗan dakata. Tambayar farko ba ta ƙwarangwal ba ce, ta gawa ce. Idan aka kashe dodo a wasanku, me ke faruwa da gangar jikinsa? Ina kyautata zaton ɓacewa take yi bayan 'yan daƙiƙoƙi, don haka kusan kowa ke farawa. To ga nekromansa gawa ita ce jarinsa. Mayaƙi da takobinsa yake zuwa fagen fama, maharbi da kwarinsa cike da kibau, shi kuwa hannu rabbana yake shigowa, sai wani abu ya mutu sannan ya sami abin aiki. Shi ya sa salon wasansa ya saɓa wa na kowa: farkon faɗa rago ne, tsakiyar faɗa ya fara motsi, ƙarshen faɗa ba mai iya tare shi.

Wasan Diablo II, wanda ya fito a 2000, shi ya koya wa yawancinmu wannan darasi. Nekromansa na cikin azuzuwa biyar na farko, kuma a gaban kowace gawa sai ka yi shawara: in tayar da ita ta zama ƙwarangwal ta yi mini yaƙi, ko in fasa ta ta hallaka na kusa da ita? Ɓarnar fashewar tana bin yawan ran da dodon yake da shi kafin ya mutu, don haka gawar ƙato ta fi gawar ƙarami daraja. Kashe na farko shi ne wahala. Da ya faɗi sai ka fasa shi, biyu su faɗi, ka fasa su, ɗakin ya zama kango. Wannan jin daɗin ne masu gwada muku wasa suke nema ko da ba su iya faɗa ba.

Amma da zarar gawa ta zama dukiya, rigingimu biyu za su biyo baya, kuma gara ku warware su a takarda tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja.

Ta ɗaya, wa ke da gawar? A Diablo II ɗin nan, idan matsafiya ta daskarar da dodo da ƙanƙara ya tarwatse, ba ya barin gawa. Ajin Babare, wato mayaƙin wasan mai ƙarfin tsiya, yana da dabarar caje gawa don neman kaya, wadda ya taɓa kuwa ta tashi daga aiki. Ajin Faladin, wato mayaƙi mai tsarki, shi ma yana da wata da ke cinye gawarwakin da ke kewaye da shi ta mayar masa da su lafiya. Sai ka ga abokin tafiyarka yana kashe maka kasuwa bai ma sani ba. Idan kuma nekromansa biyu suka haɗu a ayari guda, wawaso ake yi. Zaɓi biyu ne a gabanku: ko kowane nekromansa ya riƙa ganin nasa gawarwakin daban, ko a bar su na kowa da kowa a ga wa zai riga wani. Ni na fi son na farko a wasan da baƙi ke haɗuwa da baƙi, don faɗan da ake yi kan gawa ba ya ƙara wa wasa armashi, haushi kawai yake tarawa.

Ta biyu ta fi ciwo: babban dodon ƙarshe da ke zaune shi kaɗai a ɗaki. Duk wanda ya taɓa kai nekromansa mai ƙwarangwal gaban Duriel, a ƙarshen babi na biyu na Diablo II, ya san abin da nake nufi. Ɗakin ƙarami ne, babu wani dodo sai shi, ya share maka barorinka, wato matattun da ka tayar, cikin ƙiftawar ido, kai kuma ka tsaya riƙe da sanda ba gawar da za ka tayar. Path of Exile ya magance wannan da wata dabara mai suna Desecrate, wadda ke samar da gawarwaki a ƙasa daga babu. Wasu wasannin sukan sa babban dodo ya riƙa kiran ƙananan dodanni lokaci-lokaci. Kowace kuka ɗauka, kada ku sa gawa ta yi arha sosai, in ba haka ba kun dawo wurin matsafi mai baƙar riga.

Sai maganar goman da ka ambata. A idonka ƙwarangwal goma zane goma ne. A wurin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duniyar wasan, kowane ɗaya halitta ce da sai an lissafa mata hanya, an zaɓa mata abokin gaba, an aika wa duk wanda ke kusa labarin inda take tsaye. Ka ƙaddara nekromansa arba'in sun taru wurin wani taron yaƙi, kowa da goma: halittu 400 ke nan da ba su cikin lissafinku jiya. Wasan zai fara sandarewa, kuma ba nekromansa ne zai fara kuka ba, mai warkarwa ne, da ya kasa gano abokinsa a cikin cunkoson ƙashi. Guild Wars ya fito a 2005 ba tare da iyaka kan yawan barori ba, mutane suka riƙa yawo da runduna guda. A 2006 aka sa iyaka gwargwadon ƙwarewar mutum a tsafin mutuwa, yawanci goma ne ƙoli. Sun kuma yi wata hikima da nake so ku ara: baran da aka tayar jininsa yana ta zuba da kansa, tun yana raguwa a hankali har ya koma da sauri. Dole ka yi ta matsawa gaba neman sabuwar gawa, ba zama.

Bari in ba ka labarin kaina a wannan wasan. A can, idan ubangidan barori ya mutu, barorin ba sa faɗuwa tare da shi, sukan zama marasa ubangida su afka wa duk wanda suka gani. Wata rana mu takwas muna tsakiyar aiki, na shagala da lissafin gawarwaki na matsa gaba fiye da kima, aka kayar da ni. Kafin mai warkarwa ta tashe ni, yarana sun juya sun rufe ta da duka. Haka aka share mu kaf, ni ne sanadi, na sha zagi kuwa iya sha. Amma har yau ban taɓa ganin ƙa'idar da ta fi wannan dacewa da ajin ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shaho. Daga ranar na koyi tsayawa a baya.

Shawarata a gare ku, ku biyar: ku fara da barori uku ko huɗu na ɗan lokaci, ku gina tsarin gawa tukuna, ku gwada shi da akwatuna farare a madadin ƙwarangwal. In ya yi daɗi da akwatuna, a kira mai zane. Mako biyu kuwa ka cire shi daga ranka. Kamfanin Blizzard da duk ma'aikatansa ya fitar da Diablo III a 2012 babu nekromansa, sai a watan Yunin 2017 ya sayar da shi a matsayin ƙari.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai warkarwa nake yi a duk wasan da na shiga. Abin da ke ba ni haushi da masu wannan aji shi ne ba sa buƙatar kowa. Su ne garkuwa, su ne masu duka, su ke warkar da kansu. To mu mene ne amfaninmu? Ni dai in da za a bi tawa, da ba a ƙara shi a ko'ina ba.

Amsa: 'Yar'uwa, rabin maganarki gaskiya ce, kuma tsohuwar ƙara ce. Tun wasan EverQuest na 1999 ake yinta. Nekromansan can yana da bara mai tare masa duka, yana da tsinuwar da ke cin dodo a hankali, yana zuƙar ran abokin gaba ya ƙara wa kansa, in abin ya ɓaci kuma ya kwanta ya yi mutuwar ƙarya har dodanni su gaji su watse. A wasan da kusan kowa sai da ayari yake iya ci gaba, shi yana can wani lungu shi kaɗai yana tara matakai.

Sai dai ki dubi abin da masu wasan suka yi masa don ya zama ana nemansa. Yana iya zuba wa mai warkarwa ƙarfin tsafinsa idan nata ya ƙare a tsakiyar faɗa, manyan ayarori kan ajiye su musamman don wannan. Kuma a lokacin, in ka mutu kayanka kan zauna a jikin gawarka a inda ka faɗi. In a ƙuryar wani kogo ne da ba mai iya komawa, nekromansa ake roƙo ya janyo maka ita. Mutumin da kika ce ba ya buƙatar kowa, sai ga shi kowa na buƙatarsa.

Inda na saɓa da ke shi ne cewa kada a ƙara shi ko'ina. Abin da nake cewa, kada a ƙara shi inda an riga an raba gadonsa. World of Warcraft ya haura shekara ashirin ba shi da ajin nekromansa, kuma duk da roƙon da 'yan wasa ke ta yi, ina ganin dalilin a fili yake. Ajin Warlock ya riƙe tsinuwa da zuƙar rai da kiran barori, ajin Death Knight da aka kawo a 2008 ya riƙe cututtuka da tayar da matattu. Me ya rage da za a ba sabon zuwa, in ba a ƙwace na wani ba?

Tambaya: Ni abin da ke ɗaure mini kai, yaya jarumin da labari ya ce mai ceton duniya ne zai riƙa yawo cikin kasuwar birni da matattu a bayansa, masu gadi suna yi masa sannu da zuwa?

Amsa: Ka taɓo inda yawancin wasanni suke kau da kai. Wanda na ga ya ɗauki abin da gaske shi ne Elder Scrolls Online, da ya ƙara ajin a 2019 tare da babin Elsweyr. A duniyar wasan tayar da matattu laifi ne, don haka wasu dabarun nekromansa an yi musu alamar aikin laifi. Ka kuskura ka yi ɗaya a cikin gari a gaban shaidu, sai a ɗora maka tara, dogarai su biyo ka. Na sha danna maɓalli bisa kuskure ina tsaye gaban ɗan kasuwa, sai gudu. Wasu suna ƙorafi, ni kuwa ina ganin ita ce gishirin ajin: duniyar ta san abin da kake yi, kuma ba ta so.

RuneScape ya bi wata hanya dabam a watan Agustan 2023. Da yake ba shi da azuzuwa, sai ya mayar da abin fasaha da kowa zai iya koya, salon yaƙi na huɗu, ya kuma gina labarin a kan cewa kana aiki ne tare da ruhohin matattu a birninsu don yaƙar wanda ya bautar da su. Kowanne cikin biyun ya amsa tambayarka. Wanda ban yafe wa ba shi ne wanda ya yi kamar ba a yi ta ba.

Tambaya: Dole ne sai da ƙasusuwa da ƙoƙon kai? 'Yan wasa da yawa ba sa son ganinsu.

Amsa: Ba dole ba ne, ƙanena. Bayan an kai World of Warcraft ƙasar Sin, an lulluɓe ƙasusuwan da ke bayyane a jikin matattun jarumai da tsoka, ƙwarangwal da ɗan wasa ke bari in ya mutu kuma aka mayar da shi kabari, wasan bai daina tafiya ba. In dodo ya faɗi zai iya barin inuwa, ko toka, ko ƙyallin ruhu a ƙasa, jaruminka ya ɗauka ya siffanta bara da shi. Sharaɗi uku ne: abin ya bayyana a daidai inda dodon ya faɗi, ya jima kamar daƙiƙa ashirin ko talatin, kuma a iya hango shi daga nesa ko ana tsakiyar turnuƙu.