Sifika biyar a gindin talabijin, ina sautin ya tafi?

Wani bawan Allah daga Zariya ya turo min cewa ya sayi hom tiyata mai sifika biyar da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri), a kwali an rubuta 5000W PMPO, ya jera su duka kan teburin talabijin ya jona dikoda da wayar nan mai kai ja da fari, amma sautin sam ba kamar yadda ya ji a shago ba. Wai ko cutarsa aka yi.

To ɗan'uwa rabi cuta ce, rabi kuma kai ka jawo. Wancan PMPO lambar talla ce kawai, RMS ake dubawa, wato lambar da ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai. Juya bayan na'urar ka ga wutar da take ci, abin da ke shan 100W daga soket ta ina zai samo 5000 ya ba ka?

Amma babbar matsalarka jerin ne. 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya irin naka, na nufin kowace sifika da aikinta, ba ado ba ce kamar kwanukan jeren amarya. Ta tsakiya ita ke ɗauke da maganar ƴan wasa, sa ta daidai ƙasan talabijin. Biyu hagu da dama, ka ware su su fuskanci kujerar da kake zama. Sauran biyun nan da mutane ke ƙyashin ja musu waya, gefenka za su koma, ɗan baya kaɗan kuma sama da kunne, a bi da wayar ta gindin bango ko ƙarƙashin kafet kar yara su yi tuntuɓe. Wufa kuma ƙasa, in ka cusa ta a kwana bes zai ƙaru amma yakan koma gunji har maƙwabta su fara sallama.

Sai waya. Ja da fari hanya biyu ce tak, hagu da dama, wato sitiriyo, ko sifika goma ka jona sitiriyo na'urar ke rarrabawa. Bluetooth ma haka. In na'urarka na da HDMI ARC (ramin HDMI mai karɓo sauti daga talabijin) ko ramin oftikal (na wayar da ke kai sauti ta haske) yi amfani da shi, ka shiga saitin sautin talabijin ko dikoda ka zaɓi Dolby Digital, tsarin da ke kai wa kowace sifika nata sautin. Shi ma sai fim ɗin da 5.1 aka haɗa shi, yawancin bidiyon YouTube sitiriyo ne, kar ka ga na baya sun yi shiru ka ce sun lalace.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ɗaki ɗaya gare ta na haya, ƙasa tayil, hom tiyata za ta saya ko sanba, doguwar sifikar nan guda da ake ajewa gaban talabijin? Hajiya ɗauki sanba mai wufa, waya ɗaya kin gama, ranar tashi ki naɗe abinki. Canjin da ya rage ki sayi kafet da labule mai kauri don tayil amsa kuwwa yake, sannan sitabilaiza, kin dai san yadda wutar NEPA ke dawowa da ƙarfi tsakar dare.