Totur na mutuwa a kan hanya, rewaya ya ce zai haɗe wayoyin sensa

Tambaya: Salam malam, ni direba ne ina lodin Zariya daga tashar Kawo. Kwana biyun nan ina cikin tafiya sai wutar cek ta kama, totur ya mutu, ko na taka har ƙasa da ƙyar take jan jiki, in na kashe na sake tayarwa sai ta dawo garau. An sa kwamfuta ta nuna P2138. Rewaya ya ce sensa biyu ce a jikin fedar, zai haɗe wayoyinsu su zama ɗaya kowa ya huta. In bari ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kiyaye hanya. Kar ka bari ya taɓa wayoyin nan. Gaskiyarsa ne sensa biyu ce, amma ba don ado aka sa su biyu ba.

Motarka ba irin su Fijo 504 da 505 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna ba ce, waɗancan kebul ne daga ƙafarka har inji, ka taka ya ja. Ta yanzu ƙafarka saƙo kawai take aikawa, ƙwaƙwalwar mota wato ECU ita ke buɗe maƙogwaron iska da ɗan ƙaramin moto. Sensar da ke karanta inda fedar take kuma yawanci ba ta gogar komai, ko dai mai maganaɗisu ce, ɗan maganaɗisu na juyawa kusa da IC, wato 'yar ƙaramar na'urar lantarki, ita kuma tana auna shi, dabarar da Edwin Hall ya gano a Amurka tun 1879, ko kuma mai kwayil ce, an zana kwayil siririya a kan fanel tana fitar da filin maganaɗisu, wani ganyen ƙarfe na wucewa ta samanta yana canza abin da kwayiloli masu karɓa suke gani. Tunda babu goga ba sa cinyewa kamar tsofaffin masu layin kabon, amma fa waya na tsinkewa, soket na tsatsa, IC na ƙonewa, kuma abin tsoron shine sensa ta lalace ta ci gaba da ba da lamba kamar lafiyarta ƙalau.

To shi ya sa aka yi mata matakan kama ƙarya. Na farko, ana ba ta bolt 5 amma ba a yarda amsarta ta cinye duka ba, yawanci tsakanin 0.5 ne zuwa 4.5. In ECU ta ga sifili ko ta ga 5 cif ta san ba ƙafar mutum ba ce wannan, waya ce ta tsinke ko ta taɓa wata, a nan kwamfuta za ta nuna lambobin matsala irin P2122 ko P2123. Wannan mai sauƙi ne.

Mai wuyar shine in sensa ta ce bolt 3 alhali gaskiyar 1 ce, lambar tana cikin iyaka, ba yadda za a yi a gane daga ita kaɗai, kuma ma'anarta mota ta zabura kai baka taka ba, ka ƙaddara kana gangarowa daga gadar Kawo ga tirela a gabanka ga fasinja cike. Nan ne amfanin ta biyun. Ka ciro soket ɗin fedar ka duba, yawanci fil shida zaka gani, kowace sensa da wutarta da negetif ɗinta da wayar saƙonta, kuma da gangan aka hana su faɗin lamba iri ɗaya, a wasu motocin ta biyu rabin ta farko take bayarwa, in waccan ta ce 2 ita ta ce 1, a wasu kuma akwai tazara tsayayya a tsakaninsu. Kamar alƙali ne da shaidu biyu, in bakinsu ya saɓa ya san ɗaya na ƙarya amma bai san wanne ba, to ba zai yanke hukunci da maganar kowa ba. Abin da P2138 ke nufi kenan, bakin biyun ya saɓa, sai ECU ta rage ƙarfin inji ta bar maka ɗan abin da zaka gangara gefen titi.

Kaga kenan in rewaya ya haɗe wayoyin, lambobin biyu za su zama iri ɗaya, wanda shi kanshi laifi ne a wurin ECU, an bambanta su ne ma don a kama ranar da wayoyin suka haɗe da kansu, motar zata ƙara ƙin tafiya ne. In kuma ya yi wayon sa resisto, wato abin rage ƙarfin wuta, ya ƙirƙiro saƙo na biyu daga na farko har ta yarda, to wannan ya fi muni, saura sensa ɗaya ke riƙe da ranka kuma babu mai ƙaryata ta.

Sa sensa biyun nan ba son ran kamfani ba ne kawai, akwai ƙa'idar duniya ta ISO 26262 da ta fito a 2011 aka sabunta ta a 2018, tana auna kowane haɗari da abu uku, munin raunin da zai jawo, yawan shiga yanayin, da ko direba zai iya shawo kan motar, daga nan a ba shi matakin haɗari da ake kira ASIL, daga A zuwa D. A matakin D, wanda ya fi tsauri, ana so a kama aƙalla kashi 99 cikin 100 na lalacewar da ita kaɗai ta isa ta jawo haɗari. Masu kwayil ɗin ma har binciken kansu suke, kwayiloli masu karɓa suna ba da saƙonnin da ke tafiya tare bisa lissafi sananne, in lissafin ya karye IC ɗin da kanta take kai ƙara.

Abu ɗaya da duk wannan ba ya kamawa shine in fedar ce da kanta ta maƙale, don sensa biyun za su yarda da juna cewa an taka. Irinsa ne ya sa Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda kafet da feda mai maƙalewa, to direbobinmu masu jibga kafet biyu uku a ƙarƙashin ƙafa a kula.

Yanzu ga naka aikin. Tunda tana warkewa in ka kashe ka tayar, na fi zargin soket ko waya fiye da sensar kanta. A ciro soket a duba koren tsatsa ko fil da ya saki, musamman in ruwan damina ya taɓa shiga motar ko an yi mata wankin ciki da matsin ruwa, a bi wayoyin a ga ko ɓera ya ci. Sai a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a sa sikana mai nuna lambobi kai tsaye, ka taka a hankali ana kallon lambobin biyu, wani kuma yana girgiza wayoyin, duk inda ɗaya ta yi tsalle ita kaɗai to nan ciwon yake. A sa mita a tabbatar bolt 5 ɗin na zuwa duka biyun. In duk sun fita lafiya sannan a canza fedar gaba ɗaya, ba a farke ta a gyara, kuma in zaka Fanteka, kasuwar kayan gyara, ka tafi da tsohuwar a gwada lambar jikinta da ta wadda zaka saya, don feda biyu kan yi kama a ido soket ma ya shiga amma lissafin cikinsu daban.