Amsoshin tambayoyinku: gyara ya taru, wanki ya taru, ga kuma abin da rai ke so

Saƙonni uku daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun zo da kuka iri ɗaya, wato kwanakin mako sun yi wa mutum kaɗan, ga ɗan kuɗi a hannu, amma bai san inda ya fi dacewa ya sa su ba. Na haɗa su wuri guda, na kuma taƙaita tambayoyin.

Tambaya ta farko daga wani ma'aikacin gwamnati ce da ke zaune a Hotoro. Ya ce: "Ina fita tun ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Asabar kaɗai gare ni, kuma da safiyarta nake buga ƙwallo da abokaina tun muna samari. Yanzu ɗakin yara ya yi yoyo a daminar bara, famfon tsakar gida yana ɗiga, ƙofar banɗaki ta saki, fentin zaure ya ɓaɓɓare. Shin in sayi kayan aiki, har da injin huda bango, in riƙa gyaran da kaina, ko in ba masu sana'a?"

Malam, kafin a zo batun saye, ina so ka raba waɗannan gyare-gyare gida biyu, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai ɓarnar da take ƙaruwa kullum ko da kana barci, akwai kuma wadda za ta jira ka shekara guda ba ta canja ba. Fentin zaure yana cikin kashi na biyu, iyakacinsa baƙo ya gani ya yi shiru. Yoyon rufi kuwa yana cikin na farko, domin ruwan da ya shiga bara ya jiƙa katako, ya kumbura silin, kuma katakon da ya sha danshi shi gara take nema. Idan ka bar shi ya sake cin wata damina, abin da ƙusoshi da kwano biyu za su gyara yau sai ya koma sauya katako da silin gaba ɗaya.

Saboda haka rufin shi ne farko, kuma ba aikinka ba ne, aikin kafinta ne. Ka kira shi tun rani, kafin ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni. Wanda ya bari sai watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya a Kano, zai tarar kowane kafinta yana da gidaje biyar da ke jiransa, kuma farashin da ya faɗa shi za a biya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa ya zo da sassafe, saboda a zafin Maris da Afrilu ba mai iya daɗewa a kan kwano idan rana ta take, kuma aikin da aka yi cikin gaggawar a sauko ba ya ƙarko.

Akwai abu ɗaya da za ka iya yi da kanka kafin ya zo, kuma ba zai ci maka minti 20 ba. Da tsakar rana ka ɗaga murfin silin, ka leƙa sama ba tare da ka kunna fitila ba. Duk inda kwano ya huje za ka ga haske ya sauko siriri kamar zare. Ka lura da wuraren, ka nuna masa. Dalilin wannan shi ne, inda ruwa yake ɗiga a ɗaki sau da yawa ba nan ya shiga ba. Yakan shiga ta ramin wata tsohuwar ƙusa da ta saki, ya bi jikin katako, sannan ya sauko a wani gefe daban. Kafintan da aka nuna wa tabon silin kawai zai liƙe saman tabon ya karɓi kuɗinsa, ruwan farko kuma ya tona asirin aikin. Ka sa ya duba indararo ma, domin ƙura da ledojin da hunturu ya tara a bakinsa suna hana ruwa fita, sai ya koma ya bi bango.

Game da kaya, shawarata ita ce ku tafi kasuwar Ƙofar Ruwa tare da shi, ya zaɓa kai kuma ka biya da hannunka. Ba zargi ba ne, hanya ce ta raba kuɗin kaya da kuɗin aiki domin kowa ya san inda ya tsaya. Kwano kauri-kauri ne, kuma mafi arahar yakan lotsa idan aka taka shi, don haka ka taɓa da hannunka ka ji bambancin. Ku yi jinga a kan aikin gaba ɗaya maimakon kuɗin yini, ka ba da kafin alƙalami, ragowar kuma sai an gama an watsa ruwa da bokiti a kan wurin kana tsaye a ɗaki kana kallon silin.

Famfo da ƙofa kuwa naka ne. Yawancin famfon da ke ɗiga ƴar robar da ke cikinsa ce ta cinye, ko kuma bakin da ya haɗu da bututu yana son a naɗa masa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo. Ka rufe ruwan daga tanki tukuna, sannan ka kwance. Idan kana ganin ɗigar ba ta kai a damu ba, ka ajiye bokiti a ƙarƙashinsa da daddare, ka duba da asuba, sannan ka tuna nawa kake ba mai garuwa a kan jarka ɗaya. Abin da kake bukata bai wuce guduma, filaya, sukudireba mai baki biyu, sifana mai buɗewa da tsukewa, da tef ɗin awo ba. Waɗannan su ne za ka riƙa ɗauka wata-wata, kuma gara ka sayi masu kyau sau ɗaya.

Injin huda bango dai ban ba ka shawarar saye ba, kuma a nan da bakin wanda ya taɓa nake magana. Na sayi irin mai batir da niyyar zama kafintan gidana, na rataye labule biyu da shi, na mayar da shi kwalinsa. Ranar da na sake bukatarsa, bayan kusan shekara biyu, batirin ya mutu murus, sai da na aika aka aro na maƙwabci. Abin da za ka yi amfani da shi sau biyu a shekara, aro ko haya ya fi maka. Wayar lantarki kuma kada ka kusance ta ko da ka ga kamar ƙaramin abu ne, ka kira mai aikin wuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saura ƙwallo. Kada ka bar ta. Mutumin da yake zaune a kujera kwana biyar a mako, wannan gudun na safiyar Asabar ba wasa ba ne a wurinsa, lafiyarsa ce, kuma nan yake ganin abokan da aiki ya raba shi da su. Akwai Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano, ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. A wannan safiya dama ba inda za ka, to ka mayar da ita ranar ƙananan gyare-gyare. Sharaɗin kawai shi ne ka sayo robar famfo da notina tun ranar Juma'a da yamma, domin da safiyar shaguna a rufe suke. Awa uku a wata sun ishi famfo da ƙofa da makullin da ya sanƙare, sauran Asabar ɗin kuma na filin ƙwallo ne.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Gwammaja, uwar yara huɗu. Ta ce za ta kwashi adashi a ƙarshen wata, kuma ranta ya rabu biyu tsakanin injin wanki da keken ɗinki na lantarki. Tana son ɗinki tun tana budurwa, tana da tsohon keke na ƙafa da ta gada, amma ta yi watanni ba ta zauna a kansa ba saboda wanki yana cinye mata Asabar, girki da shirin makaranta kuma su cinye Lahadi.

Malama, amsar tana cikin tambayarki. Ba rashin keke ne ya raba ki da ɗinki ba, wanki ne. Idan kika sayi sabon keke, zai zauna kusa da tsohon, ki lulluɓe su da zane ɗaya, ki koma bakin baho. Ki sayi injin wankin.

Amma ki san irin da za ki saya. Akwai mai yin komai da kansa, wanda ake zuba wa kaya a danna a tafi. Yana da daɗin aiki, sai dai yana son ruwan famfo mai ƙarfi da wutar da ba za ta yanke a tsakiyar aiki ba, kuma irin mai ƙofa a gaba yakan kulle kayan a ciki idan aka ɗauke wuta. Gidan da ba shi da tanki a sama da tsayayyar wuta, wannan injin ado zai zama. Akwai kuma mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Shi da bokiti ma ana zuba masa ruwa, ba ya jan wuta sosai, ƙaramin janareta yana ɗaukarsa, idan wuta ta tafi kuma sai ki ɗaga murfi ki kwashe kayanki. Ga yawancin gidajen cikin gari shi ne daidai. Ruwan ɗaurayar ƙarshe ma ba asara ba ne, ki tare shi a baho a wanke tsakar gida da banɗaki.

Idan kin je saye, a Sabon Gari ne ko wani wuri, ki tafi da wanda ya san kayan wuta, a jona injin a gabanki, a gwada ɓangaren matsewa musamman domin shi ya fi saurin lalacewa. Ki karɓi rasit da takardar garanti, ki kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a gari. Na hannu, wanda ake ce wa ɗan kwatano, yakan yi araha, amma ba a ba da garanti a kansa, kuma kuɗin adashi ba na gwaji ba ne.

Kada kuma ki ɗora wa injin abin da ba zai iya ba. Ba ya guga, kuma shadda da manyan rigunan maigida masu aiki gara su ci gaba da zuwa wurin mai wanki da guga. Ribarsa tana cikin kayan makaranta, zannuwan gado, tawul da kayan zaman gida. Ki daina tara su sai Asabar; duk daren da aka kawo wuta a tsakiyar mako, a zuba zubi ɗaya kina girki. Babba a cikin yaranki, idan ya kai shekara 10, ya isa ya koyi zuba ruwa da shanya, namiji ne ko mace. Na ga gidajen da ake barin ƴaƴa maza a zaure suna latsa waya uwa tana fama da bokiti, daga baya kuma a yi mamakin yadda suka girma ba su iya wanke safarsu ba.

Tsohon keken nan kuwa, ki kira mai gyara ya wanke shi, ya sa masa mai, ya canja igiyarsa. Irin waɗannan kekuna na ƙarfe suna daɗewa ƙwarai, kuma ba ruwansu da ɗauke wuta. Idan hannunki ya dawo har kin fara karɓar ɗinkin maƙwabta, akwai ɗan ƙaramin inji da ake ɗaura musu su koma aiki da lantarki, kuma kuɗinsa bai kusa da na sabon keke ba.

Ta uku gajera ce. Wani matashi daga Kurna, yaron shago a Kantin Kwari, yana son fara kiwon tattabaru. Yana fita da safe ya dawo da magariba, mahaifiyarsa kuma ta ce ba ta yarda a ƙara mata aiki ba. Yana tambaya guda nawa zai saya.

Ɗana, Hajiya tana da gaskiya, domin tsuntsun da mai shi ba ya gida, kashinsa da ruwansa a kan wanda ke gida suke faɗawa. Ka fara da huɗu, maza biyu mata biyu, kada ka ƙara. Tattabara ƙwai biyu take yi, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci, cikin kwana 18 ko kusa da haka su ƙyanƙyashe, don haka huɗun nan ba za su daɗe a huɗu ba. Ka saya wurin mai kiwo a unguwarku wanda ka ga lafiyar tsuntsayensa da idonka, kuma ka fara kashe kuɗi a kan akurki kafin tsuntsu: ya ɗaga daga ƙasa, ya kasance mage da ɓera ba sa iya shiga, ya yi nesa da tankin ruwa da inda Hajiya take shanyar kuɓewa da barkono. Sababbin ka rufe su na wasu makonni kafin ka sake su, in ba haka ba gidansu na da za su koma. Hatsi da ruwa kafin ka tafi kasuwa, shara kuma bayan sallar asuba, da hannunka. Ka je ka faɗa wa Hajiya wannan tsari, ka ƙara da cewa duk makon da ta ɗauki tsintsiya saboda su, ta ba da umarni a yanka biyu a yi mata farfesu.